Ranar da Hambali Ya Saka Shanu a Gonar Dawa

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a bayan babbar mota tsakanin Birnin Kudu da Kano, ya rasa hanyar wuce ta, har ya ƙare da kallon zanen da ke jikin ƙyaurenta na baya, to da wuya a ce bai ga aikin Hambali ba. Mutum ne gajere, siriri, mai ɗan gemun da ɗigon fenti ba ya rabuwa da shi. Rigar aikinsa kuwa, ko matarsa Munawwara ta manta asalin launinta. Rumfarsa tana bayan tasha, ƙarƙashin wata darbejiya, inda gwangwanayen fenti suka fi wurin zama yawa. Yau in ka ce Hambali mai gawo, kowane ɗan acaɓa zai kai ka. Amma akwai shekarar da aka laƙaba masa wani suna daban, sunan da ya kusa raba shi da buroshi har abada.

A bakin tasha aka haife shi, a nan kuma ya yi wayo. Mahaifinsa mai facin taya ne. Mahaifiyarsa Zuliha 'yar Kwandiko ce ta ƙasar Gwaram, aure ne ya kawo ta gari. Shi dai Hambali bai taɓa riƙe fartanya ba, iyakar saninsa da dawa shi ne tuwo. Tun yana ƙarami gawayi ne abokinsa, babu katangar da ta tsira a unguwarsu, babu kuma maƙwabcin da bai ja masa kunne ba. In an kore shi sai ya haye duwatsun bayan gari, ya shiga kogon nan da mutanen dauri suka zana shanu a jikin dutse, ya zauna yana kallon ƙahonninsu har yunwa ta sauko da shi.

Da mahaifinsa ya ga duka ba ya magani, sai ya haɗa shi da wani Bakano mai zanen motoci da ya sauka a tashar. A wajensa ya koyi zaki mai hangame baki, da mikiyar da ta suri maciji, da ɗawisu, da jirgin sama yana keta gajimare. Bakanon ya tsufa ya koma gida, rumfa ta zama ta Hambali. Ya yi aure, ya hayayyafa, duk da kan buroshi. Har ta kai direba in ya ga zaki a bayan mota a Legas, yakan gane ko na Hambali ne daga yadda wutsiyar ta lanƙwashe.

Sai zamani ya zo da sitika. A Kano ake bugo ta da na'ura, a manna wa mota cikin ɗan lokaci, tana ƙyalli. Masu motoci suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, suna gaishe shi daga nesa. Wanda ya rage masa mai nauyi shi ne Alhaji Abdulnasir, shugaban masu manyan motoci na garin, mutumin da in ya juya hagu sauran ma hagu suke juyawa. Hambali ya sani sarai, ranar da motocin Alhaji suka koma sitika, ranar zai rufe rumfa.

Wata damina Alhaji ya haɗa sabon bodin katako, ya sa aka kawo motar gindin darbejiya.

"Malam Hambali, na gaji da zakuna," in ji shi. "Wannan hatsi za ta riƙa ɗaukowa daga ƙauyukan Gwaram. Ka zana mini ƙasarmu. Gona, shanu, zaman lafiya. Abin da manomi zai gani ya ji motarsa ce."

"An gama, ranka ya daɗe."

Wayyo ɗan tasha. Sai ya tattaro duk abin da ya taɓa gani mai kyau ta tagar mota, ya zuba a wuri ɗaya. Ya zana dawa kore shar, ta yi tsayi ta fitar da kai. Ya kafa wani ƙaton gawo a tsakiya, ya lulluɓe shi da ganye. Sa'an nan ya kawo fararen shanu masu tozo, ya baza su cikin dawar, wasu a kwance, wasu sun miƙa wuya suna fizgar ganye, ga makiyayi can gefe ya saɓa sanda a wuya yana murmushi. Mutanen tasha suka taru suna yabo. Masu shayi, 'yan kamasho, masu facin taya, kowa ya ce Hambali bai taɓa aiki irin wannan ba. Kuma a cikinsu babu mai gona ko ɗaya.

Motar ta tafi Basirka, can ƙasar Gwaram, ranar kasuwa, a daidai lokacin da dawa take tsaye a gonaki, manoma suna zaman ɗar-ɗar saboda tsoron garke. Da la'asar sai ga ta ta dawo wayam, tana ƙarar mota marar kaya. Direban, Abdulsamad, ya sauko fuska a murtuke, ya wuce wajen Alhaji, aka aika a kira Hambali.

"Faɗa masa abin da ka faɗa mini," in ji Alhaji.

Abdulsamad ya ce yana tsayawa mutane suka zagaye bayan motar. Ya ɗauka sha'awa ce. Sai wani dattijon manomi, Malam Maikuɗi, wanda buhunansa kaɗai kan cika rabin mota, ya nuna zanen da sandarsa ya ce, "Gonar wa aka cinye haka?" Daga nan ya juya ya ce shi ba zai ɗora hatsinsa a motar da take tallar ɓarna ba. Sauran manoma suka bi bayansa. Makiyayan da suka zo cin kasuwa su ma suka fusata, suka ce su ake zagi, an zana ɗan'uwansu yana dariya shanunsa suna cikin amfanin mutane. A shekarar nan kaf, wannan ne abu ɗaya da manoma da makiyayan kasuwar suka yi baki ɗaya a kansa.

"Har da itacen ma sai da suka yi wa dariya," in ji Abdulsamad. "Wai a ina ka taɓa ganin gawo da ganye a tsakiyar damina?"

Hambali ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi zaman lafiya ya zana, ashe abin da ya ɗora a bayan mota shi ne ainihin abin da ake fasa kai a kansa.

Alhaji ba mai hayaniya ba ne, shi ya sa maganarsa take da zafi. "Ka shafe shi yau," ya ce. "Na ba ka zuwa lokacin da za a fara jigilar sabon hatsi. In ka zana abin da mutanen Basirka za su ɗora wa kaya, shi ke nan. In ba haka ba, duk motocina Kano za su tafi a manna musu sitika. Ba ƙiyayya ba ce, Malam Hambali, sana'a ce."

Da hannunsa ya shafe aikin da farin fenti. Kafin ya gama, sunan ya riga ya zagaye tasha: Hambali mai ɓarna. Waɗanda suka fi kowa yabo jiya su suka fi kowa ƙyaƙyatawa yau. Ya kwana biyu ba ya fita, yana zaune a tsakar gida yana kallon hannuwansa. Munawwara ce ta gaji da ganinsa haka.

"Malam, kai fa ba ka san gona ba, kuma ba abin kunya ba ne," ta ce. "Amma kana da kawu a Kwandiko. Zaman nan ba zai koya maka komai ba."

Haka ya hau bas zuwa Gwaram, ya ƙarasa a babur. Kawu Shehu, yayan mahaifiyarsa, dogon tsoho ne mai ƙarancin magana. Labari ya riga Hambali isowa, don haka bayan gaisuwa tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai ne ka saka mana shanu a dawa?" Ya yi dariya har da tari. Da ya gama sai ya miƙa masa lauje.

"Kawu, ni kallo na zo yi."

"Za ka gani. Da hannu ake ganin gona, ɗan Zuliha."

Ranar farko hannun da ya saba da buroshi ya yi bororo. Ƙaiƙayi ya ci masa wuya, ƙugu ya ƙage, yaran gida suna leƙen ɗan birni yana ɗaure dami yana warwarewa. Amma idonsa ido ne na mai zane, ba ya barin komai ya wuce. Ya ga yadda dawa take sauya launi daga kore zuwa ruwan ɗorawa, ya ga yadda ake kwantar da kara a yanke kawuna. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne gawon da ke tsakiyar gonar. Da ya iso, itacen tsirara yake, rassa farare sai ƙaya, har ya tambaya ko ya mutu ne. Yanzu da komai yake bushewa, sai ga shi yana tofo, kore yana hawa kansa kullum.

"Haka yake," in ji Kawu Shehu. "Da damina yakan kaɗe ganyensa ya bar wa dawa rana. In an kwashe amfani sai ya yi ganye ya ba shanu inuwa, rani in ya yi nisa ya zubo musu 'ya'ya su ci. Su kuma su bar taki a gindinsa. Dubi dawar da ta fito a wajen, ka gwada ta da ta gefe."

"To yaushe shanun za su shigo?"

"Ka jira."

Can bayan gonaki, a bakin burtali, hanyar da shanu suke bi, akwai rugar wani makiyayi mai suna Manu. Tun zamanin iyayensu, garken gidan su Manu ne yake sauka a gonar gidan su Kawu Shehu bayan girbi, shanu su ci kara da ragowar harawa, su kwana a wurin su takince ta. Da yawa a garin sun daina, suna sayar da karansu su sayi takin zamani. Kawu bai daina ba. Da aka kai dami na ƙarshe rumbu, ya ware damin Manu na ladan taki, ya ƙulla goron gayyatarsa a ganye ya ajiye. Hambali ya ce to gobe ke nan. Tsohon ya girgiza kai, ya nuna masa gonar da ke iyaka da tasu. Ta wata dattijuwa ce, Inna Barira, wakenta bai gama bushewa ba.

"Saniya ba ta san iyaka ba," ya ce. "Muddin akwai waken Barira a ƙasa, goron nan ba zai bar gidan nan ba."

Nan fa hankalin Hambali ya tashi. Sabon hatsi ya fara fita kasuwa, Abdulsamad ya bugo waya ya ce Alhaji yana tambaya, har an kawo masa samfurin sitika daga Kano. Ga ƙyauren mota can fari fat yana jira, shi kuma yana nan yana gadin waken wata tsohuwa. Ya yi niyyar haɗa kayansa ya tafi ya zana abin da ya samu. Sai ya tuna gaggawar zuba komai wuri ɗaya ce ta kai shi inda yake. Washegari da sassafe ya ɗauki buhu ya shiga gonar Inna Barira, ya duƙa yana taya ta roron wake. Tsohuwar ta yi ta sa masa albarka, tana kuma gyara masa, don rabin abin da yake tsinka ɗanye ne.

Ranar da ta ɗora buhunta na ƙarshe a ka ta nufi gida, ranar goro ya tafi ruga.

Da hantsi suka zo. Hambali yana tsaye a gindin gawo ya fara jin ƙarar kofato daga burtali, sai ga ƙahonni sun ɓullo. Manu yana gaba, siriri, da malafa, yana kiran shanun da sunayensu. Da suka iso bakin gona sai ya ɗaga sanda, garken nan duka ya tsaya cik. Ga kara a zube a gabansu, suna huci, amma ko ɗaya ba ta taka ba. Kawu Shehu ya taka a hankali ya je ya miƙa masa hannu. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta gida da iyali da dabbobi da gajiyar kaka, kamar babu garken da yake jira.

"An kwashe na maƙwabta, Malam Shehu?" in ji Manu.

"An kwashe. Bismillah, ku shigo."

Manu ya sauke sanda. Shanu suka kwararo cikin gona, ƙarar karyewar kara ta cika wurin, balbelu suka sauko suna bin ƙafafunsu. Aka kafa dangwali a inuwar gawo, aka jera maruƙa a jikin igiyar. Matar Manu ta sauke ƙwaryar nono a gaban Kawu. Hambali ya ji daɗi ya cika masa ƙirji har ƙwalla ta taru masa, bai kuma ji kunyar share ta ba. Abin da ya so ya zana tun farko ke nan. Ashe yana nan, shi ne dai bai san lokacinsa ba.

A ranar ya koma Birnin Kudu. Ya zagaye bayan motar da tamfol don kada 'yan tasha su dame shi da baki, ya shiga aiki. Da ya yaye, Alhaji Abdulnasir ya zo ya tsaya yana kallo. Gona ce bayan girbi, ruwan ƙasa da ruwan ɗorawa, kara a kwance, shanu suna ci. Babu kore ko ɗigo sai a kan gawo.

"Malam Hambali, ina koren? Wannan ai rani ka zana mini. Wa zai so busasshiyar gona a bayan motarsa?"

"Ranka ya daɗe, ba 'yan tasha za su ɗora mata kaya ba. A kai ta Basirka. In ta dawo wayam, ni da kaina zan raka ta Kano."

Alhaji ya taɓe baki ya ce shi ke nan, sau ɗaya.

Hambali ya shiga gaba kusa da Abdulsamad. Suka kama hanyar Basirka. Kasuwa ta cika maƙil da sabon hatsi, buhuna jibge ko'ina, ga motoci masu sitika suna jiran lodi. Motar tana tsayawa wani ya ce ga motar ɓarna ta dawo, mutane suka yo bayanta, manoma da makiyaya, kowa da shirin abin da zai faɗa. Da suka ga sabon zanen sai suka tsaya suna kallo.

Aka buɗa wa Malam Maikuɗi hanya. Ya matso da sandarsa, ya kusa manna hanci a jikin katakon. Ya dubi gawon, ya gyaɗa kai. Ya dubi dammunan da aka jingine a gefe, ya bi ɗaurinsu da ɗan yatsa. Ya dubi maruƙa a dangwali, ya dubi tsofaffi biyu da suke riƙe da hannun juna a bakin gona. Wani makiyayi a bayansa ya ce a hankali, "Wannan ai malafar Manu na wajen Kwandiko ce." Aka ɗan yi dariya. Dattijon bai yi ba.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba," in ji Hambali.

"Kai ne na wancan karon?"

"Ni ne."

"To, mai wannan gona ya kwashe nasa, na gani. Maƙwabtansa fa? Ka saki garke haka, in akwai waken wani a ƙasa fa?"

Hambali ya matso kusa da zanen. Ya ɗaga hannu ya nuna can kusurwar sama ta dama, inda gonar maƙwabta ta ɗan leƙo. An rore ta tas. A kan 'yar hanyar da ta nufi gari, ga wata tsohuwa ƙarama, ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, ta juya baya da buhu a ka.

Malam Maikuɗi ya daɗe yana kallon tsohuwar nan. Sa'an nan ya ja da baya, ya dogara sandarsa, ya ce, "To. Shanu su ci, halalinsu ne." Ya waiwaya wajen masu dako. "Ku kwaso buhunana. A wannan za su tafi."

Kafin azahar motar ta cika har an ɗaure da igiya, wasu manoman suna cewa su za su jira ta dawo, ba za su ɗora a wata ba. Makiyaya suka yi ta jan 'yan'uwansu suna nuna musu shanun, ana gardamar wacce ce uwar garke. Wata mai nono ta cika ƙwarya ta miƙa wa Hambali, ta ce kada ya sake ya taɓa aljihunsa. A nan ne wani ya tambaya wai wane ne mai zanen, aka ce ga shi can, mai gawon. Sunan ya bi motar har gida, ya kuma kori wancan.

Da suka shigo tasha da yamma, motar tana nishi saboda nauyi, Abdulsamad ya danne ham tun daga kwana. Alhaji ya fito ya dubi lodin, ya dubi Hambali, ya sake duban busasshiyar gonar da ya raina. Bai ce ya yi kuskure ba, manya ba su cika faɗar haka ba. Cewa ya yi, "Sauran motocin suna nan tafe, ka sayi fenti."

Rumfar tana nan har yau, kuma layi ake yi. Duk kaka Hambali yakan rufe ta ya tafi Kwandiko girbi, ɗaurin daminsa ma yanzu ba ya warwarewa. Bara wani mai mota ya zo takanas daga Kano, ya ce shi kore yake so, dawa shar, da shanu a ciki. Hambali ya zana masa dawar, kore har tana ɗaukar ido, da gawo tsirara a tsakiya. Mutumin ya zo karɓa, ya duba sama ya duba ƙasa.

"Malam, ina shanun?"

Hambali ya ci gaba da wanke buroshinsa. "Suna burtali, Alhaji," ya ce. "Sai an yi girbi."